Aljaza'ir a Cikin Murfin Akwati

Shekara biyar da shigowar Faransawa birnin Aljaza'ir, a duk layin masu fentin katako ba wanda ya rage sai Si Allal. Da can shaguna goma sha ɗaya ne a jere, tun daga bakin lungu warin fenti yake tarar mutum. Yanzu wasu sun mutu, wasu sun bi jirgi zuwa Tunis ko Izmir, shagunansu kuwa an garƙame, ɓeraye na sha'aninsu a ciki.

Sana'arsa akwatunan amare. Yakan shafe katako da kore, ya bi shi da furanni ja da ruwan ɗorawa, ya ɗora tsuntsaye biyu suna fuskantar juna a tsakiya. Shekara arba'in yana wannan aiki, har ana cewa amaryar da ba ta tare da akwatin Si Allal ba, da sauranta. Amma aure ya yi wuya a garin. Sai ya yi wata guda ba wanda ya leƙo, ya wuni yana niƙa launin da ba zai yi amfani da shi ba, don dai hannunsa ya sami abin yi.

Matarsa Baya ta rasu shekara guda bayan shigowar sojoji. 'Yarsa tilo, Duja, ta bi mijinta Hamdan mai saƙar siliki zuwa Iskandariyya. Babu irin roƙon da ba su yi masa ba ya bi su, ya ce wa zai bar wa kabarin Baya? To, bara aka fitar da sabuwar hanya ta bayan ganuwa, ta bi ta tsakiyar maƙabartar. Duk da haka kowace Juma'a yakan je ya tsaya a gefen hanyar, daidai inda yake zaton wurin ne, ya yi addu'arsa, kekunan doki na watsa masa taɓo.

Wata rana da hantsi wani matuƙin jirgi ya kawo masa wasiƙa. Ya zauna a bakin shago ya bi ta a hankali da yatsa. Bayan gaisuwa, Duja ta ce:

"Baba, Hanifa ta shiga shekara huɗu, kullum tambayata take yi wane iri ne garinmu. Ina ba ta labari, sai na lura ni ma abin ya soma ɓace mini. Ka zana mini shi a cikin murfin akwati, yadda na gan shi ranar da muka tafi, daga cikin jirgi, fari fat tun daga bakin ruwa har kan dutse. Idan na buɗe in ɗauki kaya sai in gan shi."

Si Allal ya ninke takardar. Shekararsa sittin da biyu a wannan gari, bai taɓa ganinsa daga teku ba. Bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba. A zamanin Turkawa tashar jiragen ruwa ta mayaƙa ce da matuƙa, mai fenti ba shi da abin yi a can. Ko ranar da Duja za ta tafi, a ƙofar tasha ya tsaya, ya juyo tun kafin a ɗaga filafilan jirgi. Abin da ya sani shi ne lunguna masu matakala, da ƙofofi, da famfon unguwa, da ɗan yankin sama da ake hangowa tsakanin gidaje.

Kwana uku yana gwadawa a kan wani guntun katako. Abin da ya fito tulin farin akwatuna ne, ɗaya a kan ɗaya. Ya ɗauka ya tafi da shi gidan gahawa, ya nuna wa Rayis Dahman, wani tsohon shugaban jirgi da duniya ta juya wa baya, yanzu da ɗan kwale-kwale yake jigilar kaya daga manyan jirage.

Dahman ya juya katakon sama, ya juya shi ƙasa. "Wannan mene ne? Sukari ne aka jera a kanti?"

"Garinku ne, marar kunya."

"Garinmu? Wallahi da haka yake daga teku, da Faransawa sun wuce ba su tsaya ba."

'Yan tsofaffin da ke wurin suka kwashe da dariya. Si Allal ya miƙa hannu zai karɓe abinsa, Dahman ya riƙe.

"Tsaya mana, Si Allal, wasa nake yi. Ka je wajen Mai-laima. Wani Nasara ne, kullum yana can gindin hasumiyar fitila, ya kafa laima, yana kwafe garin a kan ƙyalle. Hafsoshi ke saye su aika wa matansu. Ba ya cizo."

Washegari Si Allal ya sa alkyabbarsa ya gangara. Ya ratsa ta babban filin da aka share, inda a da masallacin Sayyida yake da kasuwar masu littattafai, yanzu sai sojoji na fareti. Ya bi dogon ginin dutsen da ya miƙe cikin ruwa, kansa a sunkuye, yana kaffa-kaffa da igiyoyi da ganguna. Sai da ya kai gindin hasumiya sannan ya waiwaya.

Garin ya taso masa gaba ɗaya. Fari, mai faɗi daga ƙasa, yana tsukewa yana hawa har ya ƙare a kagara can sama, kore kewaye da shi hagu da dama. Ya nemi gidansa ya rasa. Ya daɗe a tsaye, iska na kaɗa masa alkyabba.

Mai-laima na zaune a kan wata 'yar kujera, siririn mutum mai furfura a gemu, rigarsa duk ɗigon fenti. Si Allal ya matsa ta bayansa ya leƙa. Garin ne dai a jikin ƙyallen, amma sama ta yi jajawur kamar gobara, hadari ya taru a gefe guda, raƙuman ruwa na dukan wani dutse, a kan dutsen kuma ga wani ɗan mutum da rawani ya ba da baya, kusa da doguwar bishiyar dabino.

"Babu dabino a wurin nan," in ji Si Allal.

Mutumin ya ɗago. Da irin yaren tasha ya amsa, wanda rabinsa Larabci ne rabinsa na mutanen ƙetare, kowa a bakin ruwa yana jin sa. "Na sani, baba. Masu saye ne ke son dabino. In babu dabino sai su ce wannan ai garinsu ne, me za su yi da shi?"

"Sama kuma ba haka take ba yau."

"Yau ba haka take ba. Wata rana ta taɓa yin haka." Ya kalli hannuwan Si Allal, ya ga koren da ya kama gefen farce. Ya yi murmushi. "A'a, ashe ɗan'uwa ne. Zauna, mu'allim."

Sunansa Kosimo, mutumin Napoli. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya baro gida, bayan wani bore da aka yi wa sarkinsu aka sha kaye, sunansa yana cikin waɗanda ake nema. Tun daga nan yake bin gaɓar teku, Malta, Marsiliya, Tunis, duk garin da ya sauka ya zana shi ya sayar ya ƙara gaba. Mahaifiyarsa ta rasu yana Malta, sai bayan wata biyar labari ya same shi. Duk wannan ba a rana ɗaya ya faɗa ba. Guntu-guntu ya riƙa fitowa, don tun daga ranar Si Allal ya mayar da gindin hasumiya wurin zuwansa kowace safiya, da murfin akwatin a hammata.

Da Kosimo ya ga tulin sukarin nan bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai kana zana abin da ka sani. Ka san gidan can na sama girmansa ɗaya da na ƙasa, shi ya sa ka yi su daidai. Manta da abin da ka sani. Duba kawai. Na nesa ƙarami ne, kuma farinsa ba fari ba ne, ya sha shuɗi."

"Fari fari ne. Da hannuna na sha shafa wa gidan nan farar ƙasa."

"To rufe ido ɗaya ka duba."

Si Allal ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya yi tsaki, ya jawo kaskon shuɗi.

Shi ma yana da abin koyarwa. Kosimo ya yi wata bakwai yana zana garin bai san sunan komai ba. Si Allal ya riƙa nuna masa da bakin buroshi: waccan hasumiyar ta Babban Masallaci ce, waccan ƙubbar ta Sidi Abdurrahman ce, can unguwar masu jima ce, can kuma gidan wankan da aka yi wa Duja wankan aure. Ya nuna masa yadda ake haɗa koren da ba ya dushewa ko an shekara hamsin. Da azahar sai ya koma gefe ya yi salla, ya dawo su raba gurasa da zaitun, wani lokaci da soyayyen kifi idan Dahman ya biyo. Sau da yawa sai su yi sa'a biyu ba wanda ya ce uffan, kowa da aikinsa. Si Allal ya lura tun rasuwar Baya bai zauna kusa da wani mutum haka ba.

Wata safiya teku ta kwanta, Dahman ya ce yau sai an shiga ruwa, tunda daga jirgi yarinyar ta ce.

"Daga nan ma ana gani," in ji Si Allal.

"Ji tsoho da tsoro! Shigo, in ka nutse ni zan gaji shagon."

Dahman da Kosimo suka riƙe shi hagu da dama ya shiga, yana ta salati. Ba su yi nisa ba ya kifa kai a gefen kwale-kwalen ya mayar da duk abin da ya karya da shi. Dahman na tuƙi yana dariya har da hawaye. Da suka kai inda manyan jirage ke tsayawa, Kosimo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗago, mu'allim."

Ya ɗago. Daga nan garin ya ƙanƙance, ya zama ɗan abu fari a jikin dutse wanda tafin hannu zai iya rufewa. Babu ƙara, babu ƙura, ba a ganin soja ko ɗaya. Sai ya tuna nan ne Duja ta tsaya da cikin wata shida tana kallo, shi kuwa a lokacin ya riga ya kai gida ya rufe ƙofa. Ya share bakinsa da hannun riga.

"Ita ta ga wannan," ya ce. "Ni ban ko tsaya ba."

Dahman ya daina dariya. Kosimo shi ma garin yake kallo, ko da yake Allah kaɗai ya san wane gari yake gani. Suka bar kwale-kwalen yana lilo har Si Allal ya gama zana layukan da yake so da gawayi.

Sun yi gardama sau ɗaya. Kosimo ya ce lallai a sa mutum a gaba, ko ɗan ƙarami ne, ya ba da baya yana kallon garin, don mai kallo ya sami wanda zai tsaya a madadinsa. Si Allal ya ce shi bai taɓa zana ɗan Adam ba, ba kuma zai fara da furfura ba.

"Gari ba kowa? Kamar annoba ta wuce?"

"Wadda za ta buɗe akwatin ita ce mutumin."

Kosimo ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya nuna tsakiyar murfin. "Wannan ƙubbar fa? Ba na ganin ta a can."

"Masallacin Sayyida ne. An rushe."

"Kai ka ce mini babu dabino."

"Dabinonka bai taɓa tsirowa ba. Wannan kuwa a cikinsa aka ɗaura mini aure."

Ya sa masallacin, ya sa kasuwar masu littattafai, a dama kuma bayan ganuwa ya ɗiɗɗiga fararen duwatsun maƙabarta a cikin kore, ba hanya. Hannunsa bai iya barin gefe haka nan ba, sai da ya kewaye zanen duka da furanni ja. Kosimo ya ce wannan a Napoli zai sa malaman zane su suma, amma kada ya goge.

Da aiki ya kusa ƙarewa, saura ruwan teku kawai, Si Allal ya ce masa, "Ran Juma'a bayan masallaci za ka ci abinci a gidana."

Kosimo ya ce, "Shekara nawa rabon da wani ya kira ni gidansa." Ya ce zai zo.

Laraba da Alhamis Si Allal bai sauka tasha ba. Ya share tsakar gida, ya kakkaɓe shimfiɗun da ke naɗe tun tafiyar Duja, ya fito da babban akushin da Baya ke zuba wa baƙi. Ya sayo naman rago da kabewa, ya roƙi wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta turara masa kuskus. Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci ya gangara zai taho da baƙonsa, don ya san ba zai gane lungun ba.

Babu laima a gindin hasumiya. Sai Dahman a zaune a kan wata ganga yana gyaran igiya, bai ko ɗago ba.

"Ya tafi, Si Allal. Jiya da safe. Ni na kai shi jirgi."

"Ina?"

"Bairut, in ji shi. Wani attajiri ne zai je can, yana son mai zane a tare da shi. Jirgin ba ya jira." Ya jawo wani ƙunshi daga cikin rigarsa. "Ya ce in ba ka wannan. Ya ce kuma in gaya maka kada ka cika shuɗi a ruwan da ke kusa da gaɓa, wai akwai kore a ciki."

Buroshi ne guda huɗu, masu laushi, an ɗaure su da zare. Si Allal ya jujjuya su a hannu.

"Bai ce komai game da yau ba?"

"Ya tambaye ni hanyar gidanka. Na fara kwatanta masa, sai ya ce in bari. Ya ce in ya zo ba zai iya tafiya ba." Dahman ya tofar da zaren da ke bakinsa. "Mutanen teku haka muke, ba mu iya sallama ba."

Si Allal ya tsaya yana kallon ruwa. Can ya ce, "Taso mu je. An yi abinci."

Suka ci su biyu a babban akushin, ba su ci ko rabi ba. Dahman ya yi ta ƙoƙarin ba da labarin yaƙe-yaƙensa na da, ya ga ba a saurare, ya sha gahawa ya tafi. Sauran abincin Si Allal ya kai ƙofar masallaci.

Ya gama ruwan tekun shi kaɗai a shago, ya sa kore kusa da gaɓa. Ya haɗa murfin da akwatin, ya zuba busasshen ɓaure a ciki, da kwalbar ruwan furen lemo, da farin mayafin Baya. Ya naɗe shi da tabarma ya ɗaure, Dahman ya kai shi jirgin da ke zuwa Iskandariyya.

Sanyi ya zo ya wuce. An rushe wani layin a ƙasan gari. Tsohuwar maƙwabciyarsa ta rasu, aka ba wani mutumin Malta hayar gidanta. Wani lokaci Si Allal yakan sauka gindin hasumiya ya zauna, ba ya zana komai. Wani sabon mai zane ya zo, saurayi Bafaranshe, da ya ga tsoho na leƙa masa aiki sai ya kore shi da hannu.

Sai bayan wata bakwai amsa ta zo. Duja ta ce akwatin ya iso lafiya. Ta ce ranar da ta buɗe shi ta zauna a ƙasa ta kasa tashi har Hamdan ya dawo daga masaƙa. Hanifa kuwa ta tambaya ko furannin nan da gaske sun kewaye garin, ta ce mata e.

"Amma Baba, ka jawo mini aiki. Duk matan Aljaza'ir da ke nan sun ji labari. Ran Juma'a ɗakina ba masaka tsinke, kowace tana dangwala yatsa tana cewa ga gidansu, har faɗa ake yi. Na kwashe kayana daga ciki, don ba a barin murfin ya rufu. Mata uku suna son nasu. Lalla Gusem, matar marigayi mai sayar da turare, ta ce a nata ka fito da gidanta sosai, na kusa da ƙofar gari ta Bab Azzun, mai kurangar inabi a kan ƙofa. Ta tsufa ƙwarai, ka fara da nata. Baba, har yanzu ɗakinka yana nan a gidanmu."

Ya karanta layin ƙarshe sau biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da la'asar ya tafi Bab Azzun neman gidan Lalla Gusem. Ya san lungun, ya taɓa kai akwati can. Ya tarar babu lungun. An faɗaɗa titi, an yi dogayen gine-gine masu rumfuna, a daidai wurin wani Bature na sayar da huluna. Ya tambayi mai sayar da ruwa ko ya tuna gidan mai kurangar inabi, mutumin ya ce shi baƙo ne, bara ya zo daga ƙauye. Ya tambayi wani tsohon mai gyaran takalma, ya ce ya tuna inabin, yana da zaƙi, amma launin ƙofar ya ɓace masa, ko shuɗiya ce ko koriya.

Si Allal ya hau matakala ya koma shago. Ya zaɓi katako mai kyau, ya goge shi, ya shafa farin farko ya jingine shi ya bushe. A ransa ya yanke cewa koriya zai yi ƙofar. In ba haka take ba, Lalla Gusem za ta aiko ta faɗa masa.